Waƙafin Sama Guda, Aikin Maƙogwaro Iri-iri: Baƙaƙen Hamza a Harsunan Maya

A harshen K'iche' na ƙasar Gwatamala, kaq shi ne ja, k'aq ƙuma, q'aq' kuwa wuta. Baƙon da ya tashi da Sifaniyanci ko Turanci, in aka jera masa ukun nan, abu ɗaya zai rantse ya ji an maimaita. Bahaushen da ya san tsakanin kafa da ƙafa ba zai sha wannan wahala duka ba, domin kunnensa zai cafke na biyun nan take. Na ukun ne zai sa shi tsayawa, don ana yin sa can ciki kusa da beli, wurin da Hausa ba ta kafa baƙi ko ɗaya ba.

Harsunan Maya dangi ne mai rassa wajen 30, kuma mutanen da ke magana da su sun kai miliyan 6, a Gwatamala da kudancin Meziko da Beliz da ɗan yanki na Honduras. K'iche' da Q'eqchi' kowanne na da masu magana kimanin miliyan ɗaya. Ƙidayar Meziko ta 2020 ta samu fiye da mutum 770,000 masu jin Mayancin Yukatan, Tseltal da Tsotsil na jihar Chiapas kuwa kowanne ya haura 500,000. Harsunan sun yi nisa da juna ƙwarai, har mai jin Mam ba ya gane mai jin Yukatan. Amma akwai gadon da babu wanda ya yar a cikinsu, wato jerin baƙaƙen hamza, waɗanda ake toshe maƙwallato wajen furta su. A rubutun zamani ana nuna su da waƙafin sama: b', t', tz', ch', k', q'. Tambayar da ta daɗe tana ɗaukar hankalin masana furuci ita ce, shin wannan alama guda sauti iri guda take wakilta? Awo ya nuna a'a, kuma yadda amsar ta fito ya taɓa abin da aka ɗauka a kan harsunan duniya gaba ɗaya.

Yadda ake yin su

Yawancin sautukan magana da iskar huhu ake yin su. Waɗannan kuwa maƙwallato ne ke tuƙa iskarsu. Wajen furta k', bayan harshe na manne da hanɗa, tantanin maƙwallato kuma ya rufe ruf, sai iska kaɗan ta maƙale tsakanin ƙofofi biyu. Daga nan maƙwallato ya yi sama, kamar yadda ake danna famfon keke alhali an toshe bakinsa da yatsa. Iskar ta matsu, ana sakin harshe sai ta fashe da ƙara mai kaifi. Wannan shi ne abin da malaman Hausa ke kira tunzuɗau, irin ƙ da ts. In kuwa maƙwallato ƙasa ya yi, wurin ya ƙara faɗi, matsin iskar ya ragu, sai a samu haɗiyau, irin ɓ da ɗ. Mai karatu na iya ɗora yatsa a maƙogwaronsa ya ce ƙaƙa, sa'an nan ya ce ɓaɓe, zai ji motsin hawa da na sauka.

Harsunan da ke da tunzuɗau ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na harsunan duniya ba, masu haɗiyau ma ba su fi haka ba, waɗanda suka haɗa biyun kuwa tsiraru ne. Hausa na cikinsu, yawancin harsunan Maya ma haka.

Masanin tarihin harsuna Terrence Kaufman ya ƙiyasta cewa an yi magana da kakan waɗannan harsuna shekaru 4,000 da suka wuce, a tsaunukan Cuchumatanes na yammacin Gwatamala. A tsarin da aka farfaɗo na wannan tsohon harshe, kowane tsayau da kowane ɗan atishawa na da abokin tafiya mai hamza: t da t', tz da tz', ch da ch', k da k', q da q'. Wuri ɗaya ne layin ya karkace. Abokin p ba p' ba ne, b' ne, mai ziza, wanda a garuruwa da yawa ake furta shi dab da ɓ na Hausa. Shi ne a b'e, hanya, da b'alam, damisar Amurka. Wani abin lura kuma, asalin waɗannan harsuna ba su da b da d da g na iskar huhu, sai a kalmomin aro daga Sifaniyanci. Hamayyar da tsarin ya ginu a kanta ita ce tsakanin baƙi mai hamza da maras ita.

Ƙa'idar Greenberg da gardamar q'

A 1970 Joseph Greenberg ya wallafa wani nazari da ya zama abin komawa a kan irin waɗannan baƙaƙe. Greenberg ba baƙon Hausa ba ne, domin a 1938 zuwa 1939 ya yi bincikensa na farko a tsakanin Maguzawan ƙasar Kano. Bayan ya duba harsuna masu yawa, ya ce haɗiyau sun fi son gaban baki, tunzuɗau kuwa bayan baki. Dalilin na iska ne. In an rufe leɓɓa, sararin da ke tsakaninsu da maƙwallato babba ne, yana da wurin faɗaɗa, ziza na iya ɗorewa, amma da wuya a matse iskar cikinsa ta yi ƙara. In kuwa a hanɗa aka rufe, sararin ɗan ƙarami ne, ɗan hawan maƙwallato ya isa ya matse shi. Hausa ta bi wannan ƙa'ida sau da ƙafa: ɓ da ɗ a gaba, ƙ a baya, babu tunzuɗau na leɓe, babu haɗiyau na hanɗa.

Harsunan Maya sun bi ta har zuwa k', daga nan suka kauce. A 1973 Lyle Campbell ya nuna cewa a wasu harsunan tsaunukan Gwatamala, q' da ya fi kowane baƙi zama a baya, wanda bisa ƙa'ida shi ya fi cancanta ya zama tunzuɗau, haɗiye shi ake yi. Da farko shaidar kunne ce kawai, kunne kuwa yana ruɗuwa. Sai Sandra Pinkerton ta tafi Gwatamala da na'urar awon matsin iska, tana sa siririn bututu ta auna abin da ke faruwa a bayan wurin toshewar. Sakamakon da ta fitar a 1986 a kan harsunan reshen K'iche' ya tabbatar da maganar: k' tunzuɗau ne a ko'ina, amma a wurin masu magana da dama, matsin iska faɗuwa yake yi lokacin q', ba tare da ziza ba. Haɗiyau ne na beli maras ziza, sautin da ba kasafai ake samun irinsa ba a duniya. Nora England ta bayyana irinsa a nahawun Mam da ta buga a 1983, Jon Dayley ma haka a na Tz'utujil a 1985.

Saboda haka a bakin mutum ɗaya daga gaɓar tafkin Atitlán ana iya jin b' ya shiga ciki, t' ma ya shiga ciki har ya yi kama da ɗ, tz' da ch' da k' su fashe waje, q' kuma ya sake komawa ciki. Shi mai maganar bai ga wani bambanci ba. A wurinsa duk 'yan gida ɗaya ne.

Sauyin bai tsaya a nan ba. A Poqomam, b' na zama w mai hamza a gaban wasali, a ƙarshen kalma kuma ya zama m mai hamza. A Tsotsil ma b' na ƙarshen gaɓa ta hanci yake fita. A Kaqchikel kuwa ya kan zube gaba ɗaya a ƙarshen wasu kalmomi, ya bar hamza tsurarta: inda K'iche' ke cewa oxib' da kajib', wato uku da huɗu, Kaqchikel na cewa oxi' da kaji', juyub', tsauni, ya zama juyu', nuq'ab', hannuna, ya zama nuq'a'. Leɓɓa sun daina aiki, maƙwallato ya ci gaba da nasa. Hausa ta san irin wannan zaizaya, domin ɗiyar Sakkwato ce ta zama 'yar Kano. Abin da duk waɗannan misalai ke nunawa shi ne, matsewar maƙwallato ita ce ginshiƙi. Hawa ko sauka, ziza ko rashinta, baki ko hanci, duk suna iya canjawa daga gari zuwa gari.

Tunzuɗau ma ba ƙarfinsu ɗaya ba

Ko a cikin waɗanda ke fashewa waje akwai daraja-daraja. A 1984 Mona Lindau ta gwada ƙ na Hausa da k' na Navajo, harshen 'yan asalin kudu maso yammacin Amurka. Na Navajo na fashewa da ƙarfi, sai a yi shiru mai ɗan tsawo kafin wasali ya fara. Na Hausa bai kai shi ƙara ba, wasalin na biyo shi da wuri, kuma muryar na farawa a ɗan shaƙe. Shekara guda bayan haka John Kingston ya samu irin wannan rabuwa tsakanin Tigrinya na Habasha da Eritriya da kuma K'iche', inda K'iche' ya faɗo ɓangaren masu sauƙi, tare da Hausa. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa rabon gida biyu ya yi kaɗan, don ana samun mutum biyu a ƙauye ɗaya, wannan na bugawa da ƙarfi, wancan a hankali. Wurin da baƙin ya faɗo ma na da tasiri. A farkon kalma fashewar ta fi fitowa fili, a tsakiyar magana mai sauri kuwa sau da yawa shaƙewar wasalin da ke kusa ce kaɗai ke gaya wa mai sauraro cewa an yi hamza.

Yaya kunne ke rarrabe su a cikin hayaniya? Ryan Bennett da Kevin Tang da Juan Ajsivinac Sian sun gwada wannan a 2018 da masu jin Kaqchikel, suka saka musu gaɓoɓi da aka cakuɗa da ƙara. Sun samu cewa kamannin sauti na sa a ruɗe, amma yawan aikin da bambancin ke yi a cikin kalmomin harshen ma na da hannu. Baƙaƙen ba su yi daidai wajen yawa ba. K' da q' sun cika ƙamus, t' kuwa sai an nema, a kalmomi irin su t'ot', dodon koɗi.

Dokar da ba a rubuta ba

Saiwar kalma a harsunan Maya galibi baƙi ne, wasali, baƙi. A cikin wannan ɗan gida akwai doka mai tsauri: tunzuɗau biyu ba sa zama tare sai in iri ɗaya ne. Ana samun q'aq' a K'iche', k'áak' a Yukatan, duk wuta, da ch'ich', jini, a Ch'ol da Tsotsil. Amma saiwa mai k' a farko da t' a ƙarshe ba ta cikin tsarin. Gillian Gallagher da Jessica Coon sun yi wa wannan doka bayani dalla-dalla a Ch'ol a 2009.

Mai jin Hausa na bin irin wannan doka kullum ba tare da an koya masa ba. Yana cewa tsatsa, ƙuƙumi, ɗanɗano, ɓaɓɓake, amma a kalmar asali ba ya haɗa masu hamza biyu mabambanta. Shi ya sa ake da ɗaki da kwaɗo da ƙadangare da tsoka, kowace da guda tak. Margaret MacEachern ta jera Hausa da Tz'utujil a cikin harsunan da ta nazarta a kan wannan batu a littafinta na 1999. Babu dangantakar asali ko ta cuɗanya tsakanin harsunan biyu, gaɓoɓin furuci da kunnen ɗan Adam ne suka kai su matsaya guda. Sai dai akwai inda suka rabu. A Hausa dokar ta hau kan ɓ da ɗ, a Maya kuwa b' ya kuɓuce mata, shi ya sa q'ab', hannu, da tz'ib', rubutu, suke zaune lafiya. Wannan na nuna cewa ko da yake b' ɗan gidan ne, tsarin harshen da kansa ya san ba irin sauran ba ne.

Tarihi a cikin baƙi

Baƙaƙen nan sun zama ma'aunin da ake bin sawun ƙaura da cuɗanya. Harsuna irin su Yukatan da Ch'ol da Tseltal sun rasa sautukan beli, q ya koma k, q' ya koma k'. Rana q'ij ce a K'iche', k'iin a Yukatan; rawaya q'an a can, k'an a nan. Wurin furuci ya matsa gaba, hamza ba ta motsa ba. Waɗannan harsuna kuma su ne suka ƙirƙiro p' da kakansu bai da shi, kamar a p'aak, tumatir, a Yukatan, kuma masana na ganin yaɗuwarsa a matsayin shaidar doguwar maƙwabtaka a zamanin manyan biranen Maya. A ɗaya gefen, Mam ya ƙaro nasa, irin su tx' da ake lanƙwasa harshe baya, kamar a tx'yan, kare, da ky' mai kama da ƙy na ƙyalle. Ch' ɗin ma ba baƙo ba ne ga mutanen yammacin ƙasar Hausa, masu furta ts na dutsi da na Katsina da irin wannan sauti.

A Yukatan hamza ta shiga har cikin wasula. Kan huɗu ne, kaan maciji, ka'an sama, k'an rawaya, k'áan ragar kwanciya. Melissa Frazier ta auna waɗannan wasula a 2009, ta ga cewa a irin ka'an ba kasafai ake katse murya gaba ɗaya ba, shaƙewa ce da faɗuwar karin sauti, kuma masu magana na gabashi da na yammacin yankin ba su yi daidai ba.

An ma taɓa jingina abin ga duwatsu. A 2013 Caleb Everett ya kawo ra'ayin cewa tunzuɗau sun fi yawa a wurare masu tsayi, don ƙarancin matsin iska na sauƙaƙa yin su. Asalin Maya a tsauni ne, wannan ya yi wa ra'ayin daɗi. Amma birnin Mérida kusan daidai yake da teku, kuma an yi dubban shekaru ana tunzuɗa baƙaƙe a filayen Yukatan ba su raunana ba. Kano ma ba ta kai mita 500 ba. Masana da yawa na ganin gado da maƙwabtaka sun fi tsayin ƙasa bayyana lamarin.

Daga dutse zuwa waya

Marubutan Maya na zamanin da, tsakanin shekara ta 250 zuwa 900, sun san bambancin baƙi mai hamza da maras ita sarai. A rubutunsu na gaɓoɓi, ka da k'a alamominsu daban, haka ku da k'u, cha da ch'a. Sunayen sarakunansu cike suke da su: K'inich Janaab' Pakal da ya mulki Palenque daga 615 zuwa 683, da K'inich Yax K'uk' Mo' da ya kafa gidan sarautar Copán. Diego de Landa, limamin cocin da ya ƙona littattafan Maya a Maní a 1562, shi ne kuma ya rubuta jerin alamomin da daga baya suka zama mabuɗi, kuma a ciki akwai alama ta ku da wata dabam ta k'u. Da wannan jeri Yuri Knorozov na Rasha ya fara warware rubutun a 1952, har ya karanta alamar k'u biyu a jere a matsayin k'uk', tsuntsun nan mai dogon gashi da kuɗin Gwatamala ke ɗauke da sunansa.

Haruffan Latin ba su zo da tanadin waɗannan sautuka ba, sai da aka yi musu dabara. A tsakiyar ƙarni na 16 Francisco de la Parra ya ƙirƙiro sababbin haruffa don harsunan tsaunuka, ɗaya mai kama da 3 a juye don q', wani mai kama da 4 don k'. Da irinsu aka rubuta Popol Vuh, wanda Francisco Ximénez ya kwafa a Chichicastenango a farkon ƙarni na 18, kwafin da yanzu ke ɗakin karatu na Newberry a Shikago. A Yukatan an yi amfani da c don k, k kuma don k', pp don p', da c a juye don tz', wanda daga baya ya zama dz. Wannan dz ne ake gani a sunan kufai irin Dzibilchaltún da sunayen dangi irin Dzul.

A ƙarni na 20 tsare-tsaren rubutu sun yi yawa, wasu na bin ƙa'idar Sifaniyanci, wasu ma na rubuta hamza da lamba 7. A 1987 gwamnatin Gwatamala ta amince da haruffa na bai ɗaya da masana 'yan Maya suka tsaya a kai, a 1990 kuma doka ta kafa Academia de Lenguas Mayas de Guatemala, mai kula da al'ummomin harshe 22. Daga nan Quiché ya zama K'iche', Kekchí ya zama Q'eqchi', Cakchiquel ya zama Kaqchikel. Yukatan ta riga ta tsayar da nata tsari a 1984, inda ake rubuta b ba waƙafi, tunda babu wani b da za a rikita shi da shi. Hausa ta bi wata hanyar a shekarun 1930, ta bar ɗigo da waƙafi ta ɗauki ƙugiya. Kowane zaɓi da kuɗinsa. Waƙafi na kan kowace na'ura, amma yana aiki biyu, a k' yana nuna tunzuɗau, a ka'an yana nuna hamza, kuma manhajoji kan ɗauke shi alamar rubutu su yanke kalma biyu.

Duk da haka, zaɓin alama guda ya yi daidai. Da an ce a rubuta abin da na'ura ke aunawa, da kowane gari ya samu haruffansa, mutumin Sololá ya kasa karanta na Tecpán cikin sauƙi. Waƙafin na rubuta abin da masu harshen suka sani a kansu, ya bar wa kowa lafazin garinsu. Illarsa ita ce yana ɓoye bambance-bambancen da ba a gama aunawa ba, kuma lokaci ba ya jira. Harshen Chicomuceltec ya riga ya mutu. Uspanteko, wanda ya haɗa waɗannan baƙaƙe da karin sauti, dubbai kaɗan ne ke magana da shi. Itza' kuwa tsirarun tsofaffi ne suka rage da shi a garin San José, a gaɓar tafkin Petén Itzá. Aikin da ya fi gaggawa shi ne a naɗi muryoyin waɗannan mutane gari-gari, kuma a horar da 'ya'yan al'ummomin su yi awon da kansu.